Bayan An Tashi Daga Aji: Wasanni, Baƙi da Gidauniya a Kwalejin Barewa

Yaron da aka kawo Kwalejin Barewa ta Zariya, kafin ya san sunan malaminsa na lissafi zai san sunan gidansa. Ko dai Lugard, ko Clifford, ko Ɗan Hausa, ko Malam Smith, ko Nagwamatse, ko Bello Kagara, ko Mort, ko Bienemann, ko Ja'afaru, ko Suleiman Barau. A nan zai kwana, a nan zai yi shara, da sunan gidan zai yi gudu ranar gasa. Bayan shekara 40 kuma, in ya gamu da wani tsohon ɗalibi wajen ɗaurin aure, da zarar an gama tambayar shekarar da kowa ya shiga, sai a koma tambayar gida.

Sunayen nan tarihin Arewa ne a dunƙule. Lugard da Clifford gwamnoni ne na zamanin Turawa, kuma Clifford ɗin ne ya je Katsina ya buɗe makarantar a 1922, shekara guda bayan kafa ta don horar da malamai. Ɗan Hausa shi ne Hanns Vischer, wanda ya fara makarantar boko ta gwamnati a Nasarawar Kano a 1909. Bienemann da Mort sun shugabanci kwalejin. Nagwamatse da Bello Kagara malamai ne 'yan ƙasa da suka koyar a cikinta, na biyun shi ne marubucin Ganɗoki, wan Abubakar Imam. Ja'afaru shi ne Sarkin Zazzau da ke kan gado lokacin da makarantar ta iso Zariya a 1949, bayan ta yi zango a Kaduna tun 1938. Suleiman Barau kuwa tsohon ɗalibinta ne da ya zama Sarkin Abuja, garin da ake kira Suleja yanzu. Sunan Barewa bai tabbata a kanta ba sai a 1971.

Kowa ya san makarantar ta ba Nijeriya shugabanni biyar: Abubakar Tafawa Ɓalewa, Yakubu Gowon, Murtala Muhammed, Shehu Shagari da Umaru Musa 'Yar'aduwa, ga kuma Sardauna Ahmadu Bello, Firimiyan Jihar Arewa. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne a wane sashe na makarantar aka ƙera waɗannan mutane. A ganina rabin aikin an yi shi ne bayan an tashi daga aji, a filin wasa da zauren muhawara da ɗakin kwana. Wannan rabin ne ya fi shan wuya a makarantunmu na yau, domin kasafin kuɗin gwamnati ba ya tuna shi, masu ba da gudummawa kuma idonsu na kan gini.

Filin wasa da dandamali

Akwai wani wasa da ake kira Fives, wanda ake buga ƙaramar ƙwallo mai tauri da tafin hannu a jikin bango uku. Asalinsa manyan makarantun Ingila ne, wani malami Bature mai suna Hogben ya kawo shi Birnin Kebbi da Katsina a shekarun 1920. Ahmadu Bello, wanda ya yi Kwalejin Katsina daga 1926 zuwa 1931, ya ƙware a kansa, kuma bai bar shi ba har ya zama Firimiya. Yau wasan ya fi rai a Katsina da wasu biranen Arewa fiye da yawancin garuruwan ƙasar da ta haife shi. Wasa ne da ba a yi sai da abokin tafiya, biyu da biyu, kuma bisa al'adarsa 'yan wasan ne ke yanke hukunci a tsakaninsu, ba alƙali ba. Yaron da ya saba cewa "ta faɗi, makin naku ne" alhali ba wanda zai tilasta masa, ya koyi abin da ba a rubutawa a allo.

Gowon, da ya zo Zariya a farkon shekarun 1950, mai tsaron gida ne a ƙungiyar ƙwallon makaranta, ɗan gudun dogon zango, kuma kyaftin ɗin 'yan dambe. Murtala yana cikin 'yan kadet, har ya zama kyaftin ɗin masu harbi a shekararsa ta ƙarshe. Manyan hafsoshin Arewa na farko irin su Zakariya Maimalari da Hassan Usman Katsina duk ta wannan makaranta suka bi. Aminu Kano kuwa, a zamanin da kwalejin ke Kaduna, wasan kwaikwayo ya riƙe. Yana ɗalibi yake rubuta wasanni masu zolayar zalunci da ha'inci, abokansa su hau dandamali su yi. Duk wanda ya san yadda Malam ya riƙa jan hankalin talakawa daga baya a dandalin jam'iyyar NEPU, ya san inda aka fara wasa wuƙar.

Ba a Barewa kaɗai wannan tsari ya tsaya ba. Kwalejin Rumfa ta Kano, Kwalejin Gwamnati ta Keffi, Alhudahuda da ke cikin birnin Zariya, Kwalejin Sarauniya Amina ta Kaduna, da makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da aka buɗe a 1977, duk sun gaji yini mai kashi biyu: karatu da safe, sannan da yamma kowa ya nufi ƙungiyarsa. Akwai ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSS, wadda aka kafa a Legas a 1954, da takwararta ta Kirista, FCS, da ta taso daga Gindiri a 1957. Akwai ƙungiyar muhawara da kacici-kacici, da ta matasa manoma, da ta masu sha'awar kimiyya da ƙere-ƙere, da 'yan jaridar makaranta masu karanta labarai a taron safe. Tun da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta fara musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa a 1986, makarantu da yawa sun ƙara da tasu musabaƙar.

A waɗannan ƙungiyoyi ne yaro ke fara riƙe amana. Ana naɗa shi ma'aji, a damƙa masa kuɗin 'yan'uwansa, ranar taro ya tashi ya faɗi abin da ya shigo da abin da ya fita. Ana naɗa shi sakatare, ya koyi rubuta wasiƙar gayyata da ɗaukar bayanin taro. Ya tsaya gaban ɗaruruwan yara ƙafarsa na rawa, ya kare ra'ayin da aka ba shi jiya da daddare, a kayar da shi, ya miƙa wa wanda ya kayar da shi hannu. Jarrabawar WAEC da NECO ba sa auna ko ɗaya daga cikin waɗannan, shi ya sa in kuɗi suka yi ƙaranci su ake fara sadaukarwa.

Babbar ranar ita ce ta gasar wasanni tsakanin gidaje. Makonni kafin ta zo an fara atisayen maci, an nome fili, an ja layuka da farar ƙasa. Kowane gida da launinsa, kowane gida da ubansa, wato wani mai hali daga cikin gari da aka roƙa ya ɗauki nauyin riguna da lemo. Ranar kuwa ga gudun mita 100, ga na miƙa sanda, ga tsalle, ga jan igiya, ga gudun malamai da ke sa yara dariya har da hawaye, ga makarantun maƙwabta da aka gayyato su kara. Yaron da kullum yake na ƙarshe a aji, ranar nan shi ake ɗagawa sama. Na sha ganin wanda wannan yini ɗaya ya hana shi gudu daga makaranta.

Masu shigowa ta ƙofa

Makarantar kwana duniya ce a killace, don haka duk wanda ya shigo ta ƙofa labari ne. Baƙon da ya fi kowa daraja a wurin ɗalibi dai iyayensa ne. Ranar ziyara, wadda yara ke kira bizitin, tun da hantsi suke jeruwa a bakin hanya suna leƙen kowace mota da kowane ɗan acaɓa. Uwa ta sauko da kula da ƙullin garin kwaki, ƙuli-ƙuli, yaji, soyayyen mai, in da hali har da dambun nama. A shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, yaron da ya yi wata guda yana fama da gabza ya ci abincin gida. Uba ya ce, "Kawo littattafanka in gani." Ƙanne su yi ta kallon wansu cikin farin yunifom kamar wani babban ma'aikaci.

A kowace irin wannan rana akwai yaran da ba wanda zai zo musu. Marayu ne, ko 'ya'yan waɗanda garinsu ya yi nisa, kuɗin mota ya gagara. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 irin waɗannan yara sun ƙaru, domin zuwa da dawowa daga wata ƙaramar hukuma mai nisa yanzu yana cin abin da gida zai ci na kwanaki. Kyakkyawar al'adar da ta daɗe ita ce uwar wani ta ce, "Kira abokinka ya zo ku ci tare." Malamin gida nagari ya san sunayen waɗannan yara, kuma ranar yakan tara su a ƙofar gidansa. Ba a rubuta wannan a rahoton kowace makaranta, amma in ana neman sanin lafiyar makaranta, nan ya kamata a fara dubawa.

Sai manyan baƙi. Tun daga Katsina, inda Sarki Muhammadu Dikko ya rungumi kwalejin, makarantar ta saba da sarakuna da gwamnoni. Ranar jawabi da raba kyaututtuka ita ce ranarsu. Shugaban makaranta ya karanta rahoton shekara, ya jero nasarori, sannan a hankali ya gangaro kan buƙatu: rufin ɗakin kwana na yoyo, famfo ya tsaya, ɗakin gwaje-gwaje ba sinadarai. A kira zakaru ɗaya bayan ɗaya su karɓi littafi daga hannun babban baƙo. Nasir El-Rufa'i, wanda ya zama gwamnan Kaduna daga 2015 zuwa 2023, ya karɓi kofin ƙungiyar tsofaffin ɗalibai na gwarzon karatu lokacin da ya kammala Barewa a 1976. Irin wannan kyauta kuɗinta kaɗan ne, amma mai ita ba ya mance ta.

Ina da ƙorafi a kan yadda ake karɓar manyan baƙi a makarantun gwamnati da dama. Mako guda kafin zuwansu karatu ya tsaya. Yara su yi ta nome ciyawa da shafa farar ƙasa a duwatsu, a jera su cikin rana tun safe suna jiran wanda zai iso bayan azahar. A zagaya da shi ajin da aka gyara, a kauce wa bayan gida da ɗakin girki. Baƙo ya tafi da hoton makarantar da babu ita, shugaban makaranta ya rasa damar da ya samu ta nuna ciwonsa ga mai magani, yara kuma su koyi cewa in babba zai zo ɓoye gaskiya ake yi. Wannan darasi na ƙarshe shi ya fi ba ni tsoro. Tsohon ɗalibin da zai zo ranar Talata ba sanarwa, ya zauna a ɗakin cin abinci ya ci abin da yara ke ci, ya fi amfanar makarantar sau goma.

Akwai baƙon da ba ya zuwa da kuɗi, amma abin da ya bari ya fi kuɗi daɗewa. Barewa tana zaune cikin garin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, da asibitin koyarwarta, da Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama da aka buɗe a 1964, ga tsohon Kamfanin Gaskiya a kan hanya ɗaya da ita. Likita ko matuƙin jirgi da zai ba da awa guda ya tsaya gaban 'yan aji huɗu ya gaya musu darussan da ya zaɓa, da inda ya yi tuntuɓe, da yadda ya cike takardar JAMB, yana iya juya rayuwar yaron da a gidansu ba wanda ya taɓa shiga jami'a. Haka fita yawon buɗe ido: Dutsen Kufena, Gidan Arewa na Kaduna, Gidan Makama na Kano, madatsar ruwa ta Tiga, ko tsohon ginin kwalejin da ke Katsina, wanda yanzu gidan tarihi ne.

Sai dai shekarun nan sun sauya ma'anar ƙofar makaranta. Bayan sace 'yan mata 276 a Chibok a 2014, da Dapchi a 2018, abin ya iso Arewa maso Yamma da kewayenta: Ƙanƙara a Disambar 2020, inda aka kwashe yara maza sama da 300, sai Kagara da Jangebe a Fabrairun 2021, Birnin Yawuri a watan Yuni, Kuriga a Maris na 2024. Jihohin Katsina da Zamfara sun rufe makarantun kwana na wani lokaci, wasu an mayar da su na jeka-ka-dawo. Yanzu baƙo sai an bincike shi, tafiya da yara a mota zuwa wata jiha ta zama abin da shugaban makaranta ke tsoron sa wa hannu, kuɗin da da za a sayi ƙwallo da littattafai kuma katanga da masu gadi suna cinye su. Ba wanda zai ce kada a yi katanga. Amma makarantar da ta koma jeka-ka-dawo, yara na watsewa da ƙarfe biyu, ƙungiyoyin yamma duk sun mutu ke nan sai an yi da gangan an raya su.

Ina kuɗin suke fitowa?

Domin a gane abin da ya sa makarantar gwamnati ke yawo da ƙoƙon bara, sai an dubi yadda doka ta raba kuɗin ilimi. A 1993 an kafa harajin ilimi, kashi 2 cikin 100 na ribar kamfanoni, kuma asusun da ke karɓarsa yana yi wa kowane mataki aiki, har da sakandare. A 2011 aka sauya dokar, asusun ya zama TETFund, ya koma na manyan makarantu kaɗai. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 kuwa ta ware wa hukumar UBEC kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, amma iyakarta firamare da ƙaramar sakandare, kuma jiha ba ta karɓa sai ta ajiye nata kason. Babbar sakandare, wato aji huɗu zuwa shida, sai ta faɗa tsakani, ta dogara ga abin da jiha ta iya. An kafa mata hukumarta ta ƙasa, aka sa hannu kan dokarta a 2023, amma gibin shekaru da yawa ba ya cikewa a dare ɗaya.

A da kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai ne ke toshe ƙananan ɓaraka: alli, man janareto, gyaran famfo, motar kai yara gasa. Da jihohi suka fara ayyana ilimi kyauta, kamar yadda Kano ta yi a 2019, an hana karɓar kuɗi daga iyaye, kuma manufar mai kyau ce, domin 'yan kuɗin nan kan hana ɗan talaka zuwa makaranta. Amma duk inda aka hana karɓa, kuɗin gudanarwar da aka yi alkawari kuma suka makara, shugaban makaranta ya shiga tsaka mai wuya. In ya karɓa ya karya doka, in bai karɓa ba aiki ya tsaya. Abin da ke fara tsayawa kuwa shi ne gasar gidaje da muhawara.

A nan Barewa ta yi sa'ar da 'yan makarantu kaɗan suka yi. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibanta, BOBA, ta samo asali tun 1939, lokacin da kwalejin ke Kaduna, kuma taronta na farko-farko na cikin wuraren da 'yan bokon Arewa suka fara haɗuwa suna tattauna makomar yankinsu. Cikin 'ya'yanta akwai Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, da tsofaffin alƙalan alƙalai na ƙasa Mohammed Bello da Muhammadu Lawal Uwais, da masana irin su Iya Abubakar da Jibril Aminu. Da makarantar ta cika shekara 100 a 2021, bikin ya zama na ƙasa baki ɗaya. Duk da haka su kansu tsofaffin ɗaliban sun sha kokawa a bainar jama'a cewa makarantar ba ta kai yadda suka bar ta ba. In mai irin waɗannan 'ya'ya na kuka, sai a yi tunanin halin wadda ba ta da kowa.

Hanyar da aka fi sani ta tara kuɗi ita ce ƙaddamar da gidauniya. Kowa ya san tsarinta. A kama zaure, a buga katin gayyata, a naɗa uban taro da babban baƙo da babban mai ƙaddamarwa. Sanƙira ya riƙe lasifika yana kirari, a kira wane ya ce ya ba da miliyan kaza, a yi tafi, a kira na gaba. Washegari jaridu su buga jimilla mai daɗin ji. Abin da ba sa bugawa shi ne nawa ne ya shiga asusu bayan wata shida. Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin irin wannan taro ya san wahalar bin alkawari: a je ofis a ce mai gida ya yi tafiya, a buga waya ba a ɗauka. Wani lokaci in aka cire kuɗin zaure da abinci da buga kalanda, abin da ya saura bai taka kara ya karya ba. Alkawari kaya ne, kuma wanda aka ɗauka a gaban yara ya fi nauyi, domin suna zaune suna ji, kuma za su ga ko an cika.

Hanyar da na ga ta fi aiki ba ta da hayaniya. 'Yan aji guda, waɗanda suka gama a shekara ɗaya, su haɗu a zauren WhatsApp, su zaɓi aiki ɗaya da suka san iyakarsa: rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, gyaran ɗakin kwanan da suka zauna, biya wa marasa hali kuɗin jarrabawa. Kowa ya tura abin da ya sawwaƙa, ma'aji ya riƙa saka sunaye da adadi kowa na gani, injiniyan cikinsu ya sa ido kyauta. Sun san juna tun suna yara, ba wanda zai yi wa wani burga, kuma kunyar abokan aji ta fi takardar kotu saurin fitar da kuɗi.

Amma ko wannan hanya tana da rauninta, kuma a nan nake so masu bayarwa su saurara. Kusan kowa gini yake so, domin gini ne ake liƙa wa allo mai ɗauke da suna, shi ake yanke wa kirtani a ɗauki hoto. Sai ka ga makaranta da sabuwar ƙofa mai ƙawa da ɗakin kwamfuta a kulle, saboda ba wuta, ba mai koyarwa, kuma shugaban makaranta na tsoron kada wani abu ya ɓace a tuhume shi. Rijiya ta yi shekara biyu famfonta ya lalace, waɗanda suka haƙa ta sun wuce wani aikin. Abubuwan da suka sa Barewa ta zama Barewa kuwa kuɗinsu kaɗan ne amma kullum ake buƙatarsu: ƙwallo da raga, man motar da za ta kai 'yan muhawara Kaduna, takardar buga mujallar makaranta, iri da taki na gonar ɗalibai, ɗan alawus na malamin da ya bar iyalinsa da yamma ya zauna da 'yan wasan kwaikwayo. Ba a liƙa wa waɗannan allo, don haka ba su da mai so.

Muna da maganin wannan a cikin addininmu da al'adarmu, wato waƙafi. Jami'ar Azhar ta Masar ta rayu ƙarnoni a kan dukiyar da aka tsayar mata, ana cin amfaninta ba a taɓa uwar. Jihohi irin su Sakkwato da Zamfara suna da hukumomin zakka da waƙafi, ke nan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. In 'yan aji guda za su iya gina ƙofa, za su iya gina shaguna huɗu a bakin titi su tsayar da hayarsu ga wasanni da ƙungiyoyin ɗalibai, a rubuta sharaɗin a takarda, a sa amintattu uku: ɗaya daga tsofaffin ɗalibai, ɗaya daga iyaye, ɗaya daga malamai. Kowane zangon karatu a liƙa lissafin a allon sanarwa inda ɗalibai za su karanta. Iyaye ma ba ƙin bayarwa suke yi ba. Abin da ya kashe musu gwiwa shi ne bayarwa shekara da shekaru ba tare da an taɓa gaya musu inda kuɗin suka shiga ba.

Su ma ɗalibai a daina ɗaukarsu masu karɓa kawai. Ƙungiyar matasa manoma da ta noma masara ta sayar, ƙungiyar wasan kwaikwayo da ta yi wasa ranar ziyara iyaye suka jefa abin da suka iya, 'yan aji shida da suka haɗa kuɗi suka sayi magani suka kai wa ɗakin shan magani kafin su tafi, duk sun fara koyon zama tsofaffin ɗaliban da ake nema. Sharaɗin kawai shi ne kada abin ya zama tilas a kan yaron da ba shi da shi, kada kuma a tura yara titi ko ofisoshi da katin roƙo.

Mafi yawan yaranmu ba a Barewa ko Rumfa suke ba. Suna makarantun jeka-ka-dawo na ƙauyuka da unguwanni, waɗanda aka buɗe shekara 15 ko 20 da suka wuce, tsofaffin ɗalibansu 'yan tireda ne da masu ɗinki da 'yan acaɓa da ƙananan ma'aikata. Makarantun 'yan mata kuma aure kan watsa ɗalibansu garuruwa, haɗa kansu ya yi wuya. Abin da waɗannan ke da shi shi ne kwamitin gudanar da makaranta na SBMC, wanda ya haɗa mai unguwa, liman, iyaye mata, malamai da wakilan ɗalibai. Shirin AGILE na Bankin Duniya, da aka amince da shi a 2020 da dala miliyan 500 don jihohi bakwai, ciki har da Kaduna, Kano, Katsina, Kebbi da Borno, ta hannun irin waɗannan kwamitoci yake tura kuɗin gyaran makarantu. Inda kwamitin ke da rai, ana ganin aiki. Amma shiri ne mai wa'adi, kuma bashi ne da za a biya.

Manyan ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai suna da abin da waɗannan makarantu ba su da shi: sanin yadda ake rubuta wa ma'aikata takarda a samu amsa, da lauyoyi da akantoci da injiniyoyi a cikin gida. Kowace ɗaya daga cikinsu za ta iya riƙo da makarantu biyu ko uku na kusa da ita, ta gayyace su gasar gidaje da muhawara, ta buɗe musu filin wasa da ɗakin gwaje-gwaje ranar Asabar, ta tura musu baƙi masu jawabi kamar yadda take tura wa tata. A Zariya, tsakanin ƙofar Barewa da irin waɗannan makarantu na Tudun Wada da Tukur-Tukur tafiyar ƙafa ce.